Abin da Zafin Afrilu Ya Yi wa Saitin Ram Ɗina

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon matsa wa kwamfuta ta ƙara gudu. Wata biyar ke nan ina fama da sandunan ram guda biyu (ma'ajin wucin gadi da kwamfuta ke aiki da shi), kuma littafin da nake rubuta lambobi a ciki, irin na 'yan firamare mai bangon takarda, ya kusa cika. Ga inda aka kwana.

Injin dai ba na a zo a gani ba ne. Furosesansa Ryzen 5 3600 ne, wanda ya fito tun 2019, a kan madabod B450, da ram DDR4 sanda biyu, kowace 8GB, an rubuta gudunsu, 3200, da lambobin jiransu, 16-18-18-38, a jikinsu. Duka na hannu na saya. Da shi nake haɗa bidiyon biki da na walima a nan cikin Katsina, sai ƙanena da ke buga wasa a kai in na fita.

Abin kunya na farko, na yi kusan shekara ram ɗin nan tana tafiya a 2133 ban sani ba. Ran da na buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kayan cikin inji, na ga 1066, sai na ɗauka an cuce ni. Ashe DDR tana aika bayanai sau biyu a kowane bugu, don haka lambar da ka gani ninka ta za ka yi. Na shiga bayos, wato shafin saitin madabod, na kunna XMP, saitin gudun da masana'anta ta adana a cikin ram ɗin, wutar ram ta tashi daga 1.2V zuwa 1.35V, CPU-Z ya koma nuna 1600. A nan ne kuma na lura sandunan ba a gurbinsu suke ba. In madabod mai gurbi huɗu ce kuma sanda biyu gare ka, yawanci gurbi na biyu da na huɗu ake sa su in ka ƙirgo daga wajen furosesa, waɗanda littafin madabod ke kira A2 da B2. Wanda bai yi waɗannan biyun ba kada ya taɓa komai tukuna, domin mafi yawan ribar a nan take kuma kyauta ce.

Daga nan son zuciya ya shigo. Na duba da Thaiphoon Burner, manhajar da ke karanta bayanan ram, ya ce ƙwayoyin da ke cikin sandunan Hynix CJR ne. Sanin wannan yana da amfani, don sunan da ke jikin kwali ba shi ne ke gaya maka halin ram ba. Samsung B-die tana jure wuta mai yawa kuma lambobinta suna sauka ƙasa sosai, Micron Rev. E tana son gudu amma tRFC ɗinta (wata lambar jira da zan yi bayaninta a gaba) ba ya sauka, CJR kuwa tsaka-tsaki ce. In ka kwafi lambobin mai B-die ka zuba wa taka, baƙin allo za ka kwana kallo.

Lissafin da ya buɗe mini ido ƙarami ne. Ka ɗauki lambar farko a jerin nan na 16-18-18-38, wato CL, yawan bugun da ram ke jira kafin ta fara ba da amsa, ka ninka ta da 2000, ka raba da gudun. 3200 mai CL16 nanosakan 10 ne. 3600 mai CL18 shi ma nanosakan 10 ne, ka ga babu bambanci a jiran farko duk da lambar ta fi girma. Amma 3600 mai CL16 ya sauko ƙasa da 9 kaɗan. Ga kuma wani abu na Ryzen: hanyar da sassan furosesa ke magana da juna, wadda bayos ke kira FCLK, an fi so ta yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da ram. Ram a 3600 na nufin FCLK a 1800. Burina ke nan tun farko, 3600 da CL16.

A Disamba na fara. Na sa 3600, na bar 16-18-18 yadda suke, na adana na fita. Fankoki suka yi ta juyi, allo baƙi ƙirin. Na jira, don wani lokaci madabod tana kashe kanta ta sake tashi sau biyu ko uku tana gwada ram ɗin kafin ta haƙura. Wannan karon ba ta haƙura ba. Na zare waya daga bango, na nemo ƙananan ƙarafan nan biyu na goge saitin bayos, na haɗa su da bakin sukundireba na ƙirga goma. In ba ka gan su ba, cire batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ka bar shi na ɗan lokaci. Na yi wannan aikin sau nawa a watan nan, har na daina mayar da murfin akwatin. Abin da ya hana tashi tRCDRD ne, ɗaya daga cikin lambobin jiran da ke biye da CL. Da na mayar da shi 19, tRP ma 19, tRAS 38, tRC 58, wuta 1.40V, SoC kuma, wato wutar sashen furosesa da ke kula da ram, na kafe shi a 1.1V, sai ga Windows.

Abubuwa biyu na gwada na bari, ba sai na ja su ba. Na sa CL15, ZenTimings, manhajar da ke nuna lambobin da ram ke kai, ya nuna mini 16, saboda in saitin bayos mai suna Gear Down Mode yana kunne ba ya karɓar CL mara, sai ya ɗaga ta zuwa cika ta gaba. Na kuma leƙa 3800 da FCLK 1900. Ta tashi, amma sauti ya riƙa ƙarar tartsatsi, linzami yana ɗaukewa yana dawowa, Event Viewer, inda Windows ke rubuta matsaloli, kuma ya cika da gargaɗin WHEA mai lamba 19, wato kuskuren kayan cikin inji. Ana iya ƙara wutar SoC a gani, sai dai wuce 1.2V ba abin da za a bar furosesa a kai kullum ba ne, ni kuma ba ni da kuɗin sabo. Na koma 3600.

Ƙananan lambobin su ne suka fi ci mini lokaci. tRRDS na kai shi 4, tRRDL 6, tFAW 16, tunda ninki huɗu na tRRDS ne iyakarsa ta ƙasa. Waɗannan ba su ba ni wahala ba. Sai tRFC, wanda shi ne dalilin wannan rubutun.

Ram ba ta riƙe abu kamar yadda filashi ke riƙewa. Kowane ɗigon bayani caji ne ɗan mitsitsi a cikin wani ɗan ma'aji da ke yoyo, dole a riƙa zagayowa ana sake cika shi kafin ya tsiyaye. Duk wanda ya taɓa zuwa lambunan Ajiwa da rani ya san ban ruwa: akwai sau nawa kake zagayowa, akwai kuma tsawon lokacin da kake tsayawa a kan kowane fangali. Na farkon shi ne tREFI, kuma a wannan dandali na AM4, wanda Ryzen ɗina ke kai, ba a ba ka damar taɓa shi ba. Na biyun shi ne tRFC. Muddin ana wannan cikon, ram ba ta amsa kiran kowa, shi ya sa rage shi yake kawo gudu na gaske. Ƙa'idar masana'anta ga irin waɗannan ƙwayoyi nanosakan 350 ce, wanda a 3600 ya kama 630. Na riƙa ragewa da talatin-talatin, kowane mataki sai na gwada. 600, 570, 540, 510, 480. A 450 ta ƙi tashi, na koma 480, wajen nanosakan 267.

Tsakiyar Janairu na yi babban gwaji da manhajojin neman kuskure a ram. MemTest86 daga filashi, zagaye huɗu, babu ja ko ɗaya. TestMem5 da saitin anta777, kusan awa biyu, tas. Sau biyu aka ɗauke wuta ana tsakiyar gwajin na sake daga farko, sai a dare na uku na jona a inbata na kashe firij. AIDA64, manhajar auna gudu, ya ce jinkirin ya sauko daga wajen nanosakan 76 zuwa 68. Na ja layi biyu a ƙarƙashin lambobin na rubuta "an gama". A daren nan da rigar sanyi nake zaune, hazo ya rufe gari har ba a ganin hasumiyar Gobarau daga nesa. Ban kawo wannan a lissafi ba ko kaɗan.

Fabrairu lafiya, Maris ma kusan haka. Ranar wata Laraba a Afrilu, bayan azahar, ina fitar da bidiyon wani ɗaurin aure mai tsawon minti arba'in, manhajar ta rufe kanta a kashi 70. Na sake, ta kai ƙarshe, amma da na kalla sai ga wasu koren murabba'ai sun bayyana a fuskar wani dattijo yana tsakiyar addu'a, na daƙiƙa ɗaya kacal. Washegari ina dawowa daga masallaci ƙanena ya tare ni a zaure.

"Yaya, kwamfutar nan fa ta yi shuɗin allo sau biyu. Wallahi ban taɓa komai ba."

"Ƙarfe nawa?"

"Wajen ƙarfe uku."

Na zarge shi a raina, Allah ya yafe mini. Da dare na kunna TestMem5, ya wuce tas. Na sake kunnawa washegari ƙarfe biyu da rabi na rana, kafin minti ashirin kuskure uku sun fito. Saiti ɗaya, inji ɗaya, awa goma sha biyu kawai tsakani.

A nan na tafka wautar da nake so ku guje wa. Na saba tun Disamba in kuskure ya fito a ƙara wuta, sai na ɗaga daga 1.40V zuwa 1.45V. Kurakuran suka ƙaru, suka kuma fara fitowa da wuri. Garin neman ƙiba na samo rama. Ƙarin wuta ƙarin zafi ne, zafi kuwa shi ke sa cajin nan saurin tsiyayewa, kamar yadda fangali ke shanye ruwa da bazara. Sandunana ba su da ma'aunin zafi a ciki, HWiNFO mai nuna zafin kayan inji ba ya nuna komai a kansu, don haka na sa bayan yatsa a jikin ƙarfen da ya lulluɓe su. Ban iya barinsa ya daɗe ba. Ɗakina rufin kwano ne, ma'aunin da ke rataye a bango yana nuna 41, katin girafik kuma yana ƙasa yana hura musu iskarsa mai zafi. Da na haska tocila sai na ga ƙurar hunturu ta yi dandazo tsakanin sandunan da kan fankar gaba, ja-ja-ja kamar an yayyafa garin bulo.

Na fitar da akwatin tsakar gida na busa shi da abin hura iska, ina riƙe da fukafukan fankoki don kada su yi ta juyi. Na samo wata tsohuwar fanka mai faɗin milimita 80 a wajen wani abokina mai gyara a Ƙofar Ƙaura, na ɗaure ta da igiyar roba tana kallon sandunan kai tsaye. Ba kyau a ido, amma yanzu yatsa yana zama a kansu. Wuta na sauke ta zuwa 1.38V. Da wannan kaɗai kuskuren ya koma ɗaya a awa guda. Ɗaya ma bai yi mini ba, tunda kuskure ɗaya ne ya ɓata fuskar dattijon nan. Na ɗaga tRFC zuwa 510, aka samu guda ɗaya can ƙarshen gwaji. Na kai shi 540, nanosakan 300 cif. Shiru.

Yadda nake gwaji ma ya canza, kuma wannan ne nake ganin ya fi duk lambobin da na lissafo muhimmanci ga mu da ke wannan yanki. Yawancin saitin da za ku gani mutane suna yaɗawa an gwada su ne a ɗakunan da ba su wuce digiri ashirin da 'yan kai ba. Ni yanzu tsakanin azahar da la'asar nake yi, murfin akwati a rufe, tagar ɗaki a rufe, na kunna TestMem5 sannan na sa OCCT, wata manhajar gwaji, ya ɗora wa katin girafik nauyi a lokaci guda don cikin akwatin ya yi zafin da zai yi ranar aiki. Ni kaina fita nake yi in zauna a zaure. Kwana uku a jere ta wuce haka, na ƙara da y-cruncher, manhajar lissafi mai nauyi, na awa ɗaya saboda FCLK, shi ma lafiya.

Da na tabbatar ta zauna, na buɗe wajen rubuta umarni na sa sfc /scannow, umarnin da ke duba fayilolin Windows, ya ce ya samu fayilolin da suka lalace ya gyara. Wato makonnin da na yi ina aiki da ram mai kuskure sun bar tabo. Na bi duk bidiyoyin da na fitar tun ƙarshen Maris ɗaya bayan ɗaya, na sake fitar da guda biyu na kai wa masu su ba tare da dogon bayani ba. Da na san haka, da a wani tsohon faifai na daban zan riƙa gwaje-gwajen nan, ba a wanda abincina ke ciki ba.

Abin da na rasa tsakanin 480 da 540 bai wuce nanosakan ɗaya ba a AIDA64, yanzu yana nuna 69 maimakon 68. Bidiyon da yake ɗaukar minti goma sha huɗu a XMP yana fita a sha uku da 'yan daƙiƙu. Ƙanena ne ma ya fi jin bambancin, ya ce wasan ya daina 'yar tsayawar nan da yake yi in an shiga wuri mai cunkoso.

Saitin da nake kai yau: 3600, FCLK 1800, 16-19-19-38, tRC 58, tRFC 540, wutar ram 1.38V, SoC 1.1V, Gear Down Mode a kunne. Na adana shi a bayos da sunan "bazara", na Janairu kuma yana nan da sunan "hunturu" ko da yake ban ga ranar da zan koma masa ba. Saura tWR da tRTP da ban taɓa ba har yanzu. Na so in bar su sai damina ta sauka gari ya yi sanyi, sai na tuna abin da sanyin Janairu ya yi mini, don haka jibi bayan azahar zan fara da tWR, daga 24 zuwa 20.