Kada ku toshe tiyon da ba ku san aikinsa ba

Ƙannena masu koyon gyaran mota a Agege da Idi-Araba, akwai wani ɗan gwangwani da ke manne a gefen distirbuta ta tsofaffin motoci, irin Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, da Beetle da kamfanin Volkswagen ya harhaɗa a Ojo. Wani siririn tiyo ne ya haɗa shi da kafireta. Galibin waɗanda ake kawo mana yanzu an yanke tiyon an cusa masa sukuru. Ni ma na daɗe ina yi wa motocin mutane haka, ina ganin tarkace na rage musu.

Ga aikinsa. Distirbuta, mai rarraba wa fulogi wuta, tana gaggauta wutar ta hanya biyu. Akwai ƙarafa masu nauyi a cikinta da ke buɗewa idan injin ya ƙara gudu. Su gudu kaɗai suka sani. Gwangwanin kuwa nauyin da injin ke ɗauke da shi yake ji. Idan direba ya ɗan taka totur kaɗan yana tafiya a miƙe, fetur kaɗan ne ke shiga, kuma irin wannan haɗin a hankali yake ci, don haka dole fulogi ya ba da wuta da wuri. Zuƙar iskar injin ce ke jan robar da ke cikin gwangwanin, ita kuma ta juya farantin da kwantak, mai yanke wuta da haɗa ta, ke zaune a kai. Da an danna totur ƙasa zuƙar ta faɗi, wutar ta koma baya da kanta.

Duk lokacin da na toshe tiyon, sai motar ta yi nauyin jiki. Maimakon in gane, sai in kwance distirbuta in murɗa ta da kunne har injin ya yi daɗin ji a tsaye. A gareji lafiya lau. Amma ranar da mai ita ya ɗauki kaya ya hau gadar Third Mainland, sai injin ya dinga ƙyas-ƙyas kamar ana kaɗa tsakuwa a kwano, ga shan mai, ga zafi a gosulon Oshodi, kuma in ta mutu da zafinta sai kik ya riƙa tirjewa. Sai mu ɗora wa lagireto laifi, mu wanke shi a banza. Wannan ƙarar ba ta wasa ba ce, in ta daɗe fistin take ci.

Gwajin bai kai minti biyu ba. Buɗe murfin distirbuta, cire tiyon daga kafireta, ka zuƙa da baki. Farantin zai motsa. Toshe bakin tiyon da harshenka: in ya tsaya, robar lafiyarta ƙalau, in ya koma ko kana ta zuƙar iska ba iyaka, ta yage. Yagaggiyar roba ɓarna biyu take yi, ba ta gaggauta wuta, sannan tana shigar da iskar da kafireta ba ta lissafa ba. Sai a nemi gwangwanin a kasuwar kayan mota ta Ladipo, a tafi da tsohon a hannu, don lambar da ke jikinsa ce ke nuna irin jan da yake yi. Kafin taimin, wato saita lokacin da fulogi zai ba da wuta, a fara daidaita tazarar kwantak, wajen 0.4 na milimita a Beetle, sannan a cire tiyon a toshe shi na ɗan lokaci, a saita da fitilar taimin, a mayar da shi.

Masu Beetle, ku yi hattara da distirbutar nan 009 da ake yabo. Ba ta da gwangwani ko kaɗan. Na taɓa haɗa ta da kafireta Solex 34 PICT-3, motar ta riƙa shaƙewa duk sanda aka tashi daga tsaye, har mai ita ya daina gaishe ni a masallaci.

Tsofaffin tokumbo daga Amurka su ne masu tarin tiyo, saboda dokar tsabtar iska ta 1970 ta tilasta wa kamfanoni rage hayaƙi. A nan za ku haɗu da bawul ɗin EGR, mai mayar da ɗan hayaƙin salansa cikin injin don rage zafin ƙuna. In ya maƙale a buɗe saboda baƙin toka, silo, wato juyawar injin a tsaye, ba ya zama, motar ta yi ta mutuwa a tsaye. Wankewa yake so. Na taɓa cire shi na rufe da faifan ƙarfe, sai ga ƙyas-ƙyas ta dawo, domin da shi aka lissafa taimin tun daga masana'anta. Bawul ɗin PCV, mai fitar da hayaƙin da ke taruwa a cikin injin, ma haka, in aka toshe shi baƙin mai ta gasket zai nemi mafita.

Wani abin kuma, bakin zuƙa a kafireta iri biyu ne: wani yana ja har a silo, wani sai an taɓa totur. Sa yatsa ka ji kafin ka soka tiyo. Motocin Amurka da yawa suna da zanen hanyar tiyo manne a ƙarƙashin bonet. In rana da mai sun cinye shi, ka ɗauki hoton yadda aka jona tiyon da wayarka kafin ka zare ko ɗaya, ka kuma ɗaura wa kowane tiyo tef mai lamba.