Abin da shirin Frasier ya koya min a aikin rubutun wasa

Duk wanda ya daɗe yana rubuta wasan kwaikwayo mai dogon zango ya san wannan maganar: masu kallo sun kamu da son wani ɗan wasan gefe, sai furodusa ya ce a ware masa shirinsa na kansa. Galibi ba a zuwa ko'ina. Mutumin da ke kashe ka da dariya in ya leƙo na minti uku, ka ba shi rabin awa shi kaɗai sai ya gundure ka. Shirin barkwancin nan na Amurka, Frasier, shi ya nuna min inda gizo ke saƙa.

Frasier Crane likitan ƙwaƙwalwa ne, Kelsey Grammer ke fitowa a matsayinsa. Ya fara bayyana a 1984 cikin Cheers, shirin tashar NBC da ke gudana a wata mashaya a Boston. A can aikinsa ɗaya ne: ɗan boko mai ji da kai, yana zuba manyan kalmomi, sauran suna yi masa tsiya. Da Cheers ya ƙare a 1993, David Angell, Peter Casey da David Lee suka ɗauke shi suka mayar da shi Seattle, can ƙuryar yamma, suka ba shi aikin amsa kiran masu damuwa a gidan rediyo. Da gangan suka nisanta shi, don kada tsofaffin 'yan mashayar su riƙa faɗowa cikin sabon shirin kullum. Sun zo ɗin, amma jefi-jefi, a matsayin baƙi.

Babban darasin yana wajen ƙanensa Niles, wanda David Hyde Pierce ya fito a matsayinsa. Shi ma likitan ƙwaƙwalwa ne, sai dai ya ninka yayansa iyayi. Ko a shagon kofi sai ya goge kujera da hankici kafin ya zauna. Wato marubutan sun ɗauki tsohon matsayin Frasier sun miƙa wa wani. Da zarar Niles ya tsaya kusa da shi, sai Frasier ya koma mai ɗan dama-dama, wanda za ka iya bin labarinsa har ka tausaya masa. A ɗaya gefen kuma ga mahaifinsu Martin, tsohon ɗan sanda da aka harba a ƙugu, ya tare gidan Frasier da karensa Eddie da wata tsohuwar kujera duk faci, ya dasa ta tsakiyar falo mai tsada. Abokan mashaya kana iya yi musu sallama ka tafi, uba fa? Ɗan da karatu ya ɗaga da uban da bai ga abin burgewa ba, wannan ko a gidajenmu ba baƙon abu ba ne.

Akwai kuma wata dabara da ta burge ni. A Cheers, Frasier ya taɓa cewa mahaifinsa ya rasu, kuma masanin kimiyya ne. Maimakon marubutan su yi kamar ba a faɗa ba, da Sam Malone, mai mashayar ta Cheers, ya kawo ziyara Seattle sai aka tayar da zancen, Frasier ya amsa cewa faɗa suka yi da tsohon, haushi ya sa ya shirga ƙaryar. Kuskuren da zai zama abin gori ya koma hujjar cewa tsamin dangantakarsu ya daɗe.

Shirin ya kai 2004, kashi 264, da kyautar talabijin ta Emmy 37, ciki har da ta gwarzon shirin barkwanci sau biyar a jere. Ba duka shekarunsa ne suka yi armashi ba. A ganina bayan Niles ya samu Daphne, mai kula da Martin, wadda ya shafe shekaru yana so a ɓoye, wutar ta ɗan lafa.

Yanzu in aka kawo min ɗan wasan gefe aka ce a yi masa shiri, kafin in rubuta masa layi ko ɗaya nakan nemi mutum biyu: wanda zai gaji tsohon halinsa ya ma zarce shi, da wanda ba shi da ikon kora daga gidansa.