Ka dawo da asuba

A shekarata ta biyu ta bin rafuffukan da ke zuba a Kogin Kaduna, na rubuta wani rahoto da har yau nake jin nauyinsa. Rafin yana kudancin gari, ya ratso unguwanni da 'yan gonakin fadama kafin ya faɗa babban kogi. Wata uku ina zuwa duk mako, in tsoma na'urar auna iskar oksijin, in rubuta abin da ta nuna, in kama hanya. Lambobin suna da kyau, wani lokaci ma har su zarce na ruwan da na san mai tsabta ne. Sai na rubuta cewa rafin lafiyarsa lau. Abin da ban lura da shi ba, kullum tsakanin azahar da la'asar nake isa wurin, domin lokacin ne nake samun abin hawa.

Akwai wani dattijo masunci da nake tararwa a gindin wata bishiya yana ɗinkin birgi. Gaisuwa kawai ke haɗa mu, sai ran nan ya ce, "Ɗana, wannan sandar da kake tsomawa kullum, me take gaya maka?" Na ce, "Baba, cewa ta yi ruwan nan yana da isasshiyar iska, kifi na jin daɗinsa." Ya ci gaba da ɗinkinsa, can ya ce, "To, ka dawo da asuba ka sake tambayarta."

Na kwana gidan wani ɗan'uwana da ke kusa. Ana idar da sallar asuba na gangara. Gari bai gama wayewa ba, amma ina iya ganin karfasa sun taso saman ruwa, baki a buɗe, suna haki kamar wanda ya sha gudu. Na tsoma na'ura, ta nuna ƙasa da miligiram 2 a lita. Na goge ta na sake tsomawa, ba ta canja ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, tun a jami'a aka koya mana shi. Ruwan kwata da takin zamani da ke gangarowa daga gonaki su ne abincin gansakuka. Da rana gansakukar nan tana fitar da oksijin har ya yi yawa, da dare kuwa ta daina, ta koma shaƙarsa, ga kuma ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da dattin su ma suna jan nasu. Kafin asuba an kusa cinye shi. Zafin bazara kuma ya ƙara dagula lamarin, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska da yawa: a digiri 20 yakan ɗauki wajen miligiram 9 a lita, a digiri 30 kuwa bai fi 7.5 ba. Duk wannan na rubuta shi a jarrabawa na ci. Amma ban taɓa haɗa shi da lokacin da nake fitowa daga gida ba. Tarwaɗa ita ko oho, tana da abin shaƙar iska a bayan kai ban da na sauran kifaye, shi ya sa ganinta a rafi ba ya nuna ruwan na da kyau.

Daga ranar na fara ɗaga duwatsu da gaske. Na'ura abin da ta tarar a wannan minti shi take faɗa. Ƙananan halittun da ke manne a ƙarƙashin dutse kuwa makonni suke yi a wurin, wasu watanni, ba inda za su gudu. In ruwa ya lalace dare ɗaya, masu rauni a cikinsu sun tafi. Aikin ba shi da wuya, sai dai yana cin rai. Ka kafa raga mai ƙananan idanu ta inda ruwa ke gangarawa, ka tsaya ta sama kana birkita duwatsu da yashi da ƙafa, abin da ya kuɓuce ya faɗa ragar. Sai ka juye a farin faranti, ka zuba ɗan ruwa, ka tsuguna ka jira. Da farko ba ka ganin komai sai laka da karmami. Can sai wani ɗan tsinke ya motsa. Ashe ba tsinke ba ne, gida ne da wani ƙwaro ya gina da ƙwayoyin yashi, ya liƙe su ɗaya bayan ɗaya da zaren da yake fitarwa, yana yawo da gidansa a jiki. Akwai wani mai jela uku da ke kaɗa 'yan fukafukan numfashi a gefen cikinsa, akwai 'ya'yan mazari masu farauta. Irin mai jela ukun nan da mai gidan yashi, yawancinsu ba sa jure ruwan da iskarsa ta yi ƙasa. A rafin Baba na juye raga sau da yawa, abin da ya cika farantin jajayen tsutsotsi ne sirara, 'ya'yan wani ƙwaro mai kama da sauro, waɗanda jininsu ke riƙe iska ko ruwa ya ruɓe. Amsar tana ƙarƙashin ƙafata tsawon wata ukun nan.

Wahalar da na sha a nan ita ce ta suna. Ma'aunin da muka fi aro, BMWP, wanda ke ba ruwa maki gwargwadon irin ƙwarin da aka samu a ciki, a Birtaniya aka tsara shi, ɗayan kuma, SASS5, na Afirka ta Kudu ne. Suna taimakawa, amma ba don rafuffukanmu aka yi su ba, masu ƙafewa da rani su bar gurabe, su kuma yi ambaliya a watan Agusta. Sau da yawa iyakacin abin da nake iya tantancewa a madubin ɗakin gwaji shi ne dangin ƙwaron. A ganina tantance ƙwarin rafuffukanmu da tsara ma'aunin da ya dace da su shi ne babban aikin da ke jiran masu tasowa a fannin nan, ya fi sayo sababbin na'urori muhimmanci.

Game da kifi kuwa, masunta sun fi ni nesa ba kusa ba. Baba ya lissafa min kurungu, kawara, bargi, tsage, minjirya, da gurbin da kowanne ke so da watan da yake hawowa. Ya nuna min inda gaiwa ke binne kanta a laka ta yi rani. Shi ya bambance min magimfa, ganyen da iyayensu ke dakawa su sa a ruwa, da Gamalin, maganin ƙwarin da wasu suka koma zubawa, wanda ba ya barin babba ba ya barin yaro. Ya kuma yi ƙorafin masu haƙar yashi, da suke kwashe gindin rafi inda ƙwarin nan ke zama, kifi ya rasa abinci. Garin da ya samo sunansa daga kada, yau yaro zai girma a bakin koginsa bai taɓa ganin ko ɗaya ba.

Wani abu da ya hana ni saurin cewa ruwa "mai lafiya" ne: baƙin ƙudan da ke yaɗa makantar kogi, tsutsarsa a ruwa mai gudu, mai wadatar iska take girma, wato irin ruwan da lissafina ke ba maki mai yawa. Katantanwar da ke ɗauke da tsargiya kuma ta fi son ruwa kwantacce mai ciyayi, inda yara suka fi zuwa wanka. Yanzu in na ga katantanwar a raga, kafin in rubuta ta a littafi sai na nemi mai unguwa na shaida masa, a kai yaran da ke fitsarin jini asibiti, maganin yana nan kuma yana aiki.

Rahoton nan na janye shi, na sake wata shida a kan rafin. Takardar da nake ba ɗalibaina a yau tana da gurbi uku na auna iska: asuba, azahar da magariba. A ƙasa akwai layin da za a rubuta abin da masuncin wurin ya ce. Wata ɗaliba ta taɓa tambayata ko dole ne a cike wannan layin. Na ce mata dole ne, kuma ta fara da gaisuwa, ta zauna tukuna kafin ta buɗe jakar na'ura.