Mai jin kukan duniya

Laraba da dare, Dehua, ƙasar Sin

Tangaran ne ya kawo ni garin nan, farantai da kofuna da zan loda zuwa Kano. Bayan asuba muka taso daga Quanzhou, hanya duk duwatsu da hazo. Kafin azahar mun gama ciniki.

Wurin neman inda zan yi alwala na leƙa wani ɗaki a bayan masana'antar. Sai ga mutum-mutumi jere a kan katako, farare fat kamar kindirmo, dukkansu siffar mace ɗaya. Tafintana ya ce Guanyin ke nan, wadda mabiya addinin Buddha ke roƙo. Wata dattijuwa na zaune tana gyara yatsun guda da tsinken gora, yumɓun bai ko bushe ba. Na ce, "Iya, sannu da aiki." Da aka fassara mata, ta turo min kujera da ƙafa.

Sunan ne ya fara kama ni. Cikakkensa Guanshiyin, wato mai sauraron kukan duniya. A Indiya, inda addinin Buddha ya samo asali, Avalokiteshvara ake kira, kuma namiji ake sassaƙawa. A nan Sin ne siffar ta rikiɗe ta zama ta mace, ta kafu sosai a zamanin daular Song, tsakanin 960 da 1279.

Iya ta bi min da yatsa ɗaya bayan ɗaya. 'Yar kwalbar hannunta ruwa ne mai tsarki na sanyaya wahala. Reshen wilo na yayyafa ruwan ne, itacen da ke lanƙwasa amma ba ya karyewa. Furen da take tsaye a kai ɗan uwan badonmu ne, daga taɓo yake fitowa amma tas. Idanun kuwa kullum a sunkuye suke, ƙasa suke kallo, inda masu kuka suke. Akwai wata a kusurwa mai hannuwa rututu, kowane tafi da ido a tsakiyarsa. Ido ya ga mai wahala, hannu ya kai masa ɗauki, in ji ta. Na daɗe a gaban wannan.

Ni Musulmi ne, ba na roƙon kowa sai Allah, kuma ban sayi ko ɗaya ba. Iya ma ba ta yi min talla ba. Amma da ta ɗauko wata mai riƙe da jariri a cinya, wadda masu neman haihuwa ke ajiyewa a gida, ta ce 'yarta shekara shida da aure shiru, sai na ji wani abu ya tokare min maƙogwaro. Ƙanwata ce ta faɗo min a rai, da irin maganganun da take haɗiyewa a gidan miji, da kiranta biyu da ban mayar ba tun ina Guangzhou. Na ce wa Iya Allah Ya ba 'yarta masu albarka. Ta haɗa tafukanta ta sunkuyar da kai.

A mota na kira ƙanwar tawa. Ta fi rabin awa tana magana, ban katse ta ba ko sau ɗaya. Gobe in sha Allahu zan yi azahar a tsohon masallacin Qingjing na Quanzhou, wanda aka gina a 1009, kafin in kama jirgin ƙasa.