Wasiƙa daga Ingila: masu ceto tsofaffin kawunan jirgin ƙasa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina gaishe ku da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku baki ɗaya.

Yau labarin wasu bayin Allah zan ba ku, waɗanda aikinsu ya shiga raina ƙwarai a nan Ingila, har nakan je in kama musu idan na samu sarari. 'Yan sa-kai ne. Suna haɗa kuɗi su sayi tsohon kan jirgin ƙasa mai aiki da dizal wanda aka daina amfani da shi, su gyara shi da hannunsu, su mayar da shi kan dogo. Ba mai biyan su ko sisi. A cikinsu akwai tsofaffin direbobi da makanikai da suka yi ritaya, akwai malaman makaranta, akwai ma'aikatan ofis da ba su taɓa riƙe sufana ba sai da suka zo nan.

Al'adar ta samo asali ne a Wales, inda a 1951 'yan sa-kai suka karɓi ɗan ƙaramin layin Talyllyn suka ci gaba da tafiyar da shi da kansu. Amma a wancan zamani jirgin tururi kaɗai ake ƙauna. Da hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta fito da shirin zamanantarwa a 1955, dizal ya fara ture masu cin kwal, zuwa Agustan 1968 an gama da su a manyan layuka. Sai masoya jirgin tururi suka ɗauki dizal tamkar abokin gaba. Shi ya sa da nasa lokacin ya zo, masu yi masa kuka ba su da yawa. Kan jirgi mai lamba 10000, wanda aka ƙera a 1947, yana cikin dizal na farko da suka ja jirgi a manyan layukan ƙasar, amma a 1968 aka yanka shi aka sayar da ƙarfen. Har yau abin yana yi wa mutanen nan ciwo, ni ma da na ji labarin ya yi mini. Lokacin da ya kamata a cece shi, kowa bola yake ganin sa.

Wasu kuwa sun farga da wuri. Akwai wani samfuri da ake kira Deltic, guda 22 kacal kamfanin English Electric ya ƙera tsakanin 1961 da 1962, don jan jiragen fasinja daga tashar King's Cross ta Landan zuwa Edinbara, da gudun mil 100 a awa. Tun a 1977, suna tsaka da aiki, masoyansu suka kafa ƙungiyar Deltic Preservation Society suka fara tara kuɗi, don sun hango abin da ke tafe. A ranar 2 ga Janairun 1982 aka yi musu tafiyar bankwana. Shida suka tsira, uku a hannun wannan ƙungiya, kuma mazaunin ukun nan yana Barrow Hill kusa da Chesterfield, a harabar wani tsohon loko, wato gidan ajiya da gyaran kawunan jirgi, da aka gina a 1870.

Injin nan abin kallo ne. Asalinsa don jiragen ruwan soja kamfanin Napier ya tsara shi. An jera silindojinsa a siffar alwatika, da kiranshaf, wato sandar da fistan ke juyawa, a kowace kusurwa, kuma a cikin kowace silinda fistan biyu ne ke tunkarar juna. Silinda 18 ke nan, fistan 36, a inji guda, ga shi kowane kan jirgi inji biyu gare shi, ƙarfin doki 3,300 idan an haɗa. Duk wanda ya taɓa kwance injin mota ya san abin da wannan lissafi ke nufi ranar da abu ɗaya ya lalace a can ciki. Kayan gyaransa kuma ba a shago suke ba. Sai a tono tsohon zanen masana'anta, a nemi maƙerin da zai yanko irinsa, a jira watanni.

Galibin aikin dai ba na burgewa ba ne. Kankare tsatsa ne a ƙarƙashin ɗakin direba, inda ruwan sama ya yi shekaru yana taruwa har ƙarfen ya koma kamar busasshen ganye. Bin wayoyin lantarki ne ɗaya bayan ɗaya, don rigarsu ta bushe tana marmashewa a hannu. Na ga wani dattijo ya kafa bakin dogon sukundireba a jikin injin da ke aiki, ya ɗora kunnensa a kan ƙotar, ya saurara, sannan ya miƙa wa wata matashiya ya ce ta ji. Ta ji, ta girgiza kai. Ya matsar da bakin kaɗan, ta sake sa kunne, sai fuskarta ta canza. A ganina wannan ne abin da ake adanawa a wurin, ya fi ƙarfen kansa muhimmanci. Idan aka yi wa kan jirgi fenti aka girke shi a gidan tarihi, ba wanda zai ƙara koyon jin ciwonsa da kunne. Dole ya riƙa tashi, ya riƙa lalacewa, a riƙa gyarawa, kafin ilimin ya wuce daga dattijon nan zuwa wani.

Kuɗin kuwa daga kuɗin rajistar membobi yake zuwa, da gudummawa, da bukukuwan da ake yi a layuka irin Severn Valley, mai tsawon mil 16 daga Kidderminster zuwa Bridgnorth, inda jama'a ke sayen tikiti su wuni suna hawa don kawai su ji rurin injin. Ba ya isa, kullum ana cikin nema. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne furfura ta yi yawa a lokon, waɗanda suka yi aiki da injunan nan tun suna sababbi kuma suna ta raguwa.

A Barrow Hill ɗin akwai wasu da suka ɗauko aiki mafi wuya. Ƙanen Deltic, samfurin da ake kira Baby Deltic, guda 10 aka ƙera kuma ko ɗaya bai tsira ba, sai inji guda da ya rage. Suka samo gangar jikin wani kan jirgi samfurin 37, suka yanke ta suka rage mata tsawo, suna sake gina wanda ya ɓace a kanta. Shekaru ke nan suna kai, da walda da awo da neman kuɗi, kuma ina yi musu fatan Allah Ya nuna musu ranar da zai ja tarago.

Wassalam, naku a Ingila.