Kafin a ɗora wa kwatabak laifin shan kaye

A ƙwallon ƙafar Amurka, da zarar an tashi wasa an lallasa wata ƙungiya, sunan mutum ɗaya ake fara kira: kwatabak, wato ɗan wasan da ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari, shi ke jefa ta, shi ke raba aiki. Washegari Litinin sai ka ji masu sharhi sun rabu biyu, wasu na cewa a ajiye shi a benci, wasu na cewa ba a ba shi kariya ba. Yawancinsu takardar alƙaluma kawai suka duba. Ita kuwa takardar nan tana faɗin abin da ya faru da ƙwallo ne, ba ta faɗin wanda ya jawo shi.

Ga misali da mutum guda, Patrick Mahomes na Kansas City Chiefs, a wasannin Super Bowl (wasan ƙarshe na cin kofin NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafar Amurka) biyu da ya sha kaye. A Fabrairun 2021 Tampa Bay Buccaneers ta doke su 31 da 9. Ya yi jifa 49, an cafe 26, yadi 270, babu tacdawun (kai ƙwallo gidan ci) ko ɗaya, abokan hamayya sun ƙwace biyu a iska. Makin jifarsa, wato ma'aunin kyawun jifa, 52.3. A Fabrairun 2025 Philadelphia Eagles ta doke su 40 da 22. Jifa 32, an cafe 21, yadi 257, tacdawun uku, an ƙwace biyu. Makin jifarsa 95.4. Wanda bai ga wasannin ba zai rantse cewa a na biyun ya fi taka rawa. A ganina akasin haka ne, kuma hanyar da ake bi a gano hakan ita ce duk aikin tantance kwatabak.

Abin da ya kamata a fara nema shi ne bidiyon da ake ɗauka daga saman filin, wanda ke nuna 'yan wasa 22 gaba ɗaya. Hoton talabijin ƙwallo yake bi, yana nuna kwatabak da 'yan shingensa biyar masu ba shi kariya, amma da an fara wasa masu cafe ƙwallo da masu tsaron baya sun fice daga allo. Ba za ka san ko akwai wanda ya kuɓuce yana ɗaga hannu ba, ko kuwa an rufe kowa ruf. Da wannan bidiyon sai a ware duk lokacin da kwatabak ya ja da baya da niyyar jifa, har da waɗanda suka ƙare da kayar da shi ko da gudu, domin su ma shawara ce ya yanke.

Sai agogo. Daga miƙa ƙwallo zuwa sakinta, ma'aunin da masu nazari suka saba amfani da shi shi ne daƙiƙa biyu da rabi. Idan ɗan tsaro ya iso jikin kwatabak kafin wannan lokaci, galibi matsalar daga shinge take: an doke wani ɗan shinge kai tsaye, ko biyu sun rikice wajen miƙa wa juna mutum lokacin da 'yan tsaro suka yi musayar hanya. Idan kuwa an wuce daƙiƙa uku yana riƙe da ƙwallo, sai a koma a duba idonsa. Ina ya fara kallo? Me ya hana shi saki?

Amma ko kayen da ya zo da sauri ba kullum ne laifin shinge ba, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure. Lissafi ne mai sauƙi. 'Yan shinge biyar ne, in an bar mai gudu da ƙwallo ya tsaya taimako sun zama shida. Idan 'yan tsaro suka turo mutum bakwai, dole ɗaya ya shigo babu mai tare shi. Wannan mutumin na kwatabak ne. Tun kafin a miƙa ƙwallo ya kamata ya ƙirga, ya nuna wa 'yan shinge wanda za su ɗauka a matsayin tsakiyar lissafi, ya juya kariyar hagu ko dama, ya kuma san wanda zai jefa wa nan take idan ragowar mutumin ya taho. Na'urar da ke cikin hular kwanonsa, wadda koci ke masa magana ta ciki, tana yankewa idan ya rage daƙiƙa 15 a agogon daƙiƙa 40 na fara wasa. 'Yan tsaro sun san da haka, shi ya sa suke ɓoye siffarsu sai an yanke maganar sannan su motsa. Daga nan shi kaɗai ne da idonsa. Idan ka ga mutum ya shigo a guje babu wanda ya ko taɓa shi, kada ka yi saurin zagin ɗan shingen da ke kusa. Mai yiwuwa ya tare wanda aka ce ya tare.

Akwai kuma kwatabak ɗin da ke jawo wa kansa matsi. Ɗan shingen gefe yana tura mai farmaki ne ya zagaya ta baya, bisa yardar cewa kwatabak zai tsaya a zurfin da aka tsara, ya kuma tako gaba idan gefe ya matse. In ya ja baya fiye da kima, yadi goma ko sha ɗaya, ya kai kansa daidai inda aka tura maharin. A talabijin sai a ga kamar ɗan shinge ne ya gaza.

A wasan 2021, Chiefs sun shiga fili babu 'yan shingen gefensu biyu na asali. Eric Fisher ya tsinke jijiyar dunduniya a wasan da ya gabata, Mitchell Schwartz kuma ciwon baya ya riga ya fitar da shi. An yi wa shingen garambawul, mutane suna tsaye a guraben da ba nasu ba. Todd Bowles, mai tsara tsaron Tampa, ya ajiye masu tsaron baya biyu can nesa don kada Tyreek Hill, mai cafe ƙwallon Chiefs, ya wuce su, ya bar mutum huɗu na gaba su yi aikin. Suka kuwa yi. An matsa wa Mahomes sau 29, kuma na'urorin bin sawu na NFL sun auna cewa ya yi gudun yadi 497 yana kauce-kauce kafin ya jefa ko a kayar da shi, ga shi da ciwon babban yatsan ƙafa da aka yi wa tiyata bayan wasan. Duk da haka, akwai jifar da ya yi yana gudu ta sami Hill a fuskar hularsa a bakin gidan ci, akwai wadda ya saki jikinsa na kwance a iska ta daki hular Darrel Williams. Biyun duka a takarda an rubuta su jifar da ba a cafe ba, daidai da wadda aka wurga cikin 'yan kallo. Hukuncin da ƙungiyar ta yanke ya nuna inda ta ga matsalar: kafin kaka ta gaba ta sauya shingen, ta kawo Orlando Brown da Joe Thuney, ta ɗauki Creed Humphrey da Trey Smith daga jami'a.

Wasan 2025 ya yi kama da wancan ta fuska ɗaya. Vic Fangio, mai tsara tsaron Eagles, bai turo ƙarin mahara ko sau ɗaya ba, mutum huɗu suka kayar da Mahomes sau shida, bakwai suna baya suna rufe hanyoyi. Thuney, wanda gurbinsa a cikin shinge yake ba gefe ba, shi aka tsayar a gefen hagu. To amma a dubi ƙwace biyun da aka yi masa ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya zo ne bayan an kayar da shi sau biyu a jere, dama ta uku cikin huɗun da ake ba masu hari, ana neman yadi 16. Ya fita ta dama, ya jefa wa DeAndre Hopkins ba tare da ya ga Cooper DeJean na Eagles da ke laɓe a ƙarƙashin hanyar ba. DeJean ya cafe ya ruga yadi 38 ya ci. Wannan nasa ne ɗungurungum. A irin wannan hali, a yankinka, ana 10 da nema, abin da ya dace shi ne ka jefar da ita waje ko ka karɓi 'yan yadi kaɗan a buga ta gaba. Na biyun kuwa, wanda Zack Baun ya cafe, Josh Sweat na Eagles ne ya turo Thuney har jikin Mahomes daidai lokacin sakin ƙwallo, sai ta kauce. Wannan rabawa za a yi, kuma kaso mafi girma na shinge ne. A takarda duka biyun lamba ɗaya ce.

Makin 95.4 ɗin fa? An tafi hutun rabin lokaci 24 da nema, Mahomes na da yadi 33 kacal. Tacdawun ukun duka sun zo ne bayan an kai 34 da nema, biyu daga ciki ma bayan an kai 40 da 6, lokacin da wasa ya riga ya mutu. Duk mai tantancewa da gaske yana ja layi a inda wasa ya fita daga hannu, ya ajiye abin da ya biyo baya gefe. Makin jifa, wanda NFL ta fara amfani da shi a 1973 kuma ƙololuwarsa 158.3, bai san lokaci ba, bai san maki nawa ake bin ka ba, ba ya ƙirga kayar da kwatabak, ba ya ƙirga gudu, ba ya ƙirga ƙwallon da ta suɓuce daga hannu. Wanda ya yi jifa goma duka a ƙasa zai tashi da 39.6. Ma'aunin QBR da tashar wasanni ta ESPN ta fito da shi a 2011 ya gyara wasu daga cikin waɗannan, amma shi ma ba ya ganin wanda ya bi hanyar da ba ita ba.

Wannan batun hanya yana da muhimmanci ƙwarai. A tsarin harin zamani, mai cafe ƙwallo yakan sami zaɓi: in mai tsaronsa ya ja baya ya tsaya ya juyo, in ya matso ya wuce shi, in tsakiyar fili a buɗe take ya karya ciki. Kwatabak yana sakin ƙwallo kafin mutumin ya juya, bisa cewa abu ɗaya suka gani. Idan suka saɓa, sai ƙwallo ta tafi inda babu kowa sai ɗan tsaro, 'yan kallo su riƙe baki suna tambayar wa ya jefa wa. Daga waje ba kullum ake iya sanin wanda ya yi daidai ba, amma akwai alamu: siffar tsaron a lokacin, da yadda suka gudanar da irin wannan wasan a makonnin baya.

Ƙwacen da aka fi tunawa da shi ma haka yake. A Fabrairun 2015, Seattle Seahawks na yadi ɗaya da cin kofi, Russell Wilson ya jefa wa Ricardo Lockette, Malcolm Butler na New England Patriots ya shiga gaba ya cafe. An tsara ne Jermaine Kearse ya tura gaba ya tare wa Butler hanya, sai Brandon Browner na Patriots ya riƙe shi a kan layi bai motsa ba. Akwai kason koci da ya kira wasan, akwai na Kearse, akwai na Lockette da bai yi wa ƙwallon rufa da jikinsa ba, akwai na Wilson da ya sa ta ɗan gaba da sama maimakon ƙasa a jikin mutuminsa.

Idan an cire duk waɗannan, abin da ya rage shi ne jifar da ya yi cikin natsuwa, shinge ya riƙe, mutum ya kuɓuce, amma ƙwallo ta kauce. Nan ƙafafu ake kallo kafin hannu. Kowace hanya an ɗaure ta da adadin taku, uku ga gajeriyar jifa, biyar ga matsakaiciya, bakwai ga mai nisa, kuma ana so ƙwallo ta fita lokacin da ƙafar baya ta dira a takun ƙarshe ko bayan ɗan tsalle ɗaya gaba. Ƙwallon da ke tashi sama da kan mai cafewa yawanci daga jifa a kan ƙafar baya take, nauyin jiki bai koma gaba ba, ko kuma takun gaba ya yi faɗi. Wadda ke faɗuwa a bayansa alamar latti ce, ko ƙafar gaba ba ta nuni inda ake jifa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ka ga kwatabak ya sauke ido daga masu cafewa ya koma kallon mahara alhali babu wanda ya iso, ko ya tsere daga shingen da ke tsaye lafiya. Dukan da ya sha a baya ne ke bin sa. David Carr, wanda aka kayar sau 76 a kakarsa ta farko da Houston Texans a 2002, shi ne misalin da ake yawan kawowa a kan wannan.

Wasa ɗaya jifa talatin ne ko arba'in, cikinsu waɗanda suka juya sakamako ba su wuce biyar ko shida ba. Ba a ajiye mutum a benci saboda su. Abin da ake nema shi ne maimaici: kuskure iri ɗaya a kan siffar tsaro iri ɗaya, mako uku ko huɗu a jere. Peyton Manning ya zubar da ƙwallo 28 a hannun abokan hamayya a 1998, Indianapolis Colts ta ci wasa 3 ta sha kaye 13, shekara ta gaba ta juya lissafin zuwa 13 da 3. Josh Allen na Buffalo Bills ya tashi daga kashi 52.8 na jifar da aka cafe a 2018 zuwa 69.2 a 2020, bayan ya gyara tsayuwar ƙafafunsa, aka kuma kawo masa Stefon Diggs. Jameis Winston na Tampa Bay Buccaneers kuwa a 2019, shekararsa ta biyar, ya ci tacdawun 33 ya zubar da 30, irin jifar gangancin da aka san shi da ita tun farko. Tampa ba ta sabunta kwantiraginsa ba, ta ɗauko Tom Brady.