Asabar, da maganar da Hajiya Babba ta yi mini a bakin ƙofa

Na isa ɗakin motsa jiki kafin ƙarfe bakwai domin in share ƙurar hunturun da ta kwanta a kan tabarmi tun ranar Laraba. Mata goma sha ɗaya ne suka zo darasin yoga na yau, wato motsa jiki na miƙe gaɓoɓi da daidaita numfashi, kuma har tsakiyar darasin raina fari tas yake, saboda Maman 'yan biyu ta tsaya da ƙafa ɗaya na tsawon numfashi biyar ba tare da ta dafa bango ba, abin da ta kwashe wata biyu tana nema.

Abin ya faru ne lokacin da muka zo wurin da ake dafa ƙasa da tafin hannu, a ɗaga ƙugu sama, sannan a jefo ƙafa ɗaya gaba ta sauka tsakanin hannuwa. Ƙafar Hajiya Babba ta tsaya a rabin hanya. Ta sake gwadawa, ta sake tsayawa a wuri guda. Ni kuma, ba tare da na dube ta ba, sai na furta abin da bakina ya saba da shi, na ce, "Wadda ba za ta iya ba ta zauna ta huta." Babu wadda ba ta san da wa nake ba. Hajiya ta zauna, ta ɗora hannuwanta a kan cinyoyinta, ta zuba wa tabarma ido har muka gama wannan ɓangaren.

Da aka tashi, ta jira kowa ya watse, tana gyara hijabinta a bakin ƙofa, sannan ta ce, "Malama, ina da magana." Na ce ina ji, Hajiya. Ta ce, "Ni fa ban gaji ba, ƙarfina yana nan. Cikina ne ya tare wa ƙafata hanya, ke kuma ba ki nuna mini ta inda zan bi ba. Fiye da shekara arba'in ina ruku'u ina sujada da wannan jikin, bai taɓa hana ni kai goshina ƙasa ba. Likita ne ya ce in riƙa motsa jiki saboda suga, ban biyo adaidaita tun daga unguwarmu don in zo in zauna ina kallon yara ba." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma ɓata fuska ba, kuma wannan ne ya fi yi mini nauyi. Na ba ta haƙuri, ta ce babu komai, ta tafi.

Abin da yake ci mini rai shi ne na san mafitar, kuma ba ta da wuya. Da na ce ta sauke ƙafar a gefen hannunta ta waje, cikin zai sami wurin zama tsakanin cinyoyi. Da na ce ta sauke gwiwa ɗaya ƙasa, ta kama idon sawun ɗayar ƙafar da hannu ta kawo ta gaba, da ta iso inda kowa ya iso. Da na sa mata bulo biyu, irin waɗanda ake dafawa a yoga, a ƙarƙashin tafin hannu, da ƙirjinta ya ɗaga, hanya ta buɗe. Haka yake a zaman da ake durƙusawa a kwantar da goshi a ƙasa, wanda ake cewa na hutu ne: ga mai jiki ba hutu ba ne sai ta ware gwiwoyinta, in ba haka ba numfashinta ne zai toshe. A wajen murɗa jiki a zaune ma, wani lokaci abin da ake bukata kawai shi ne mace ta sa hannu ta ɗaga cikinta ta kawar da shi gefe kafin ta juya. Duk na sani, amma kunya ta hana ni ambaton ciki da ƙirji da cinya a gaban matar da ta isa ta haife ni, sai na zaɓi in zaunar da ita. Yau na gane cewa wannan kunyar ni ta kare, ita kuwa ta bar ta ita kaɗai a tsakiyar ɗaki.

Lokacin da na koyi wannan sana'a, duk wadda aka fito da ita gaba don ta nuna mana motsi siririya ce, kuma da jikinta aka auna kowane umarni da muka haddace. Alhali B.K.S. Iyengar, malamin nan na birnin Pune a Indiya wanda ya rasu a 2014 yana da shekara 95, ya yi suna ne da shigo da bulo na katako da ɗamara da bargo da kujera cikin koyarwa, domin tsofaffi da marasa lafiya da waɗanda jikinsu ya sandare su ma su amfana. Shi kansa ya taso yana yaro mai yawan ciwo. Ni kuwa bulo huɗu kacal nake da su, a ajiye a lungu, sai na ga mace ta kasa sannan in miƙa mata ɗaya a gaban jama'a, ta yadda bulon ya zama tamkar shaidar gazawa.

Akwai kuma maganar tabarma. Faɗin irin wadda aka fi sayarwa bai wuce santimita 61 ba. A ƙarshen darasi, da kowa ta kwanta rigingine, na ga kafaɗun Hajiya sun cika tabarmar, hannuwanta biyu suna kan siminti mai sanyi, a cikin wannan hunturun. Makonni nawa ta yi a haka ba ta ce komai ba? Sai na tuna da sanarwar da na tura a WhatsApp lokacin da zan buɗe ajin, inda na rubuta cewa a zo a rage teɓa. Na rubuta ne don in jawo mutane, ban yi tunanin yadda mai teɓar za ta ji idan ta shigo ɗakin da aka riga aka sanar da ita cewa jikinta ne matsalar ba.

Da azahar na je wurin kafinta na ba shi aikin bulo ashirin da biyu, tsawon santimita 23, faɗi 15, kauri 10, na kuma roƙe shi ya goge gefunan sosai don kada su ci hannu. Daga yanzu kowace tabarma za ta sami nata biyu tun kafin a fara, har da tawa, kuma da su zan fara nuna kowane motsi.

Yaya ta leƙo da la'asar da kunun gyaɗa, amma ban iya zama mun yi hirar kirki ba.

Bayan magariba na rufe ɗaki, na cusa filo a cikin rigata, na gwada motsin da muka yi da safe. Ƙafata ta tsaya daidai inda ta Hajiya ta tsaya. Na san filo ba shi da nauyi, ba ya danna wuyan hannu, ba ya matse numfashi, don haka abin da na ji ɗan kaɗan ne daga abin da take ji. Duk da haka na maimaita sau da yawa, ina sauya kalmomin da zan faɗa, har na sami waɗanda babu "idan ba za ki iya ba" a cikinsu.

Na kira ta bayan isha'i. Mun gaisa, na tambayi jikoki, sannan na ce ina so ranar Laraba ta riga kowa zuwa da minti goma sha biyar, ta nuna mini duk inda jikinta yake tokarewa, mu nemi hanya tare. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "To, Malama, Allah ya kai mu." Ban iya gane daga muryarta ko za ta zo ba. Gobe zan shiga kasuwa in duba ko zan sami tabarmi masu faɗi, idan ban samu ba sai in haɗa mata biyu.